Dubin Mota Bayan An Tashi Aiki: Yadda Wata Ma'ajiyar Kaya a Kakuri Ta Daina Asarar Safiyarta

Wurin da irin aikinsa

Ma'ajiyar tana Kakuri, cikin ɗaya daga tsofaffin rumbunan da suka rage tun zamanin da masaƙu ke tashe a unguwar. Masaƙar Kaduna ta farko a nan ta fara aiki a 1957, kuma har yau faɗin ƙofofin ƙarfen wuraren na nuna cewa don manyan motoci aka gina su. Kayan masarufi ake rarrabawa daga nan: taliya, sabulu, sukari, man girki, lemon kwalba. Motoci 9 ne, kanta (matsakaitan motocin kaya) 7 da manya 2 masu birkin iska. Direbobi 11, kowace mota da yaronta, sai bakanike ɗaya da ke zuwa ƙarfe 9 na safe ya tashi ƙarfe 4. Wasu motocin cikin gari suke yi, Kasuwar Barci, Kawo, Rigasa, Sabon Tasha. Wasu kuma Zariya, Kachia, Saminaka da Kafanchan. Ni ne akawun da ke riƙe da littafin shiga da fitar motoci, kuma daga littafin nan na ɗauko lissafin da ke cikin wannan rubutu.

Ana fara lodi 6:30, ana so mota ta bar ƙofa 7:30. Dubin da aka sani shi ne na safe, wanda kowane direba ya gada daga ubangidansa: a ja sandar bakin mai, a cika lagireto, a bubbuga tayoyi da ƙarfe, a yi bisimillah. Da yamma kuwa, direba ya shigo, ya miƙa webil (takardar kayan da ya kai) da kuɗi, ya rataye makulli, ya yi gaba. Babu direban da ke da motarsa. Wadda aka gama wa lodi, wanda ke kusa shi zai hau.

Mayu zuwa Yuni: matsalar ta fito fili

Da ruwa ya sauka sai safiya ta fara lalacewa. An gama ɗora katan ɗari biyu, direba ya murza makulli, batir ya ce bai san zancen ba. Ko a ga tayar ciki ta baya ta kwana a kwance, ko birki ya tafi ƙasa. A lokacin bakanike bai iso ba, masu sayar da kayan gyara a Panteka ba su buɗe ba. Sai dai a sauke kayan a mayar kan wata motar, a biya lebura sau biyu, mai shago a Rigasa yana ta kiran waya. A watan Yuni, cikin ranakun aiki 26, safiya 11 aka yi da aƙalla mota ɗaya ba ta fita ba sai bayan ƙarfe 10.

Abin da ya ja hankalin manaja shi ne amsar da ake samu in an bincika. Kusan kowane lokaci sai direban jiya ya ce ai tun a gadar Kawo ya ji ƙarar, ko tun da rana ya ga fitilar caji na ƙiftawa. Me ya sa bai faɗa ba? Ba a tambaye shi ba, kuma ya gaji.

Yuli: takarda mai layi 34

Manaja ya je wa mai wurin, wanda kowa ke kira Alhaji, da hujja biyu. Ta farko ita ce tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2007, wanda ya shafi duk mai motocin aiki biyar zuwa sama, kuma yake neman a samu jami'in kula da lafiyar motoci da ajiyayyen bayani a rubuce. Ta biyu ita ce yadda ake yi a Amurka. A can dokar tarayya ta ɗora wa direban motar kaya rubuta rahoto a ƙarshen aikin yini idan ya ga lahani, kuma ta jera abubuwa 11 da za a duba: birkin ƙafa, birkin hannu, sitiyari, fitilu, tayoyi, hon, waifa, madubai, mahaɗin tirela, ƙafafu da rim, da kayan agajin gaggawa. Dokar ba ta tsaya kan direba ba. Ta ce kamfani ya gyara duk lahanin da zai iya kawo haɗari, ya sa hannu cewa an gyara kafin motar ta sake fita, ya kuma ajiye takardar wata uku.

Manaja ya ɗauki rabin da ya shafi direba, ya ƙara masa nasa, ya kai layi 34, da Turanci, aka buga aka raba. Rabin da ya shafi kamfani bai shiga takardar ba.

Makon farko an ɗan taɓa. Daga na biyu takardun suka fara dawowa tsaf, kowane layi da alamar lafiya. Na ga yaron mota yana cika takardun motoci uku a kan gwiwarsa yana jiran sallar magariba. Daga cikin direbobin, huɗu karatun allo suka yi, ajami ya fi musu boko sauƙi, balle Turancin kanikanci. Harabar kuma babu fitila; in an ɗauke wuta sai hasken waya. Akwai ma layin da ya ce a buɗe murfin lagireto a duba ruwa da zarar an shigo, abin da babu direba mai hankali da zai yi wa injin da ya taso daga Zariya, domin tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska. Daga wannan layin direbobi suka gane wanda ya rubuta takardar bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba, suka yi wa sauran layukan kuɗin goro. Safiyar da aka makara a Yuli: 10.

Agusta: tara

Sai aka ce rashin tsoro ne. Aka sa tarar naira 2,000 ga wanda bai cika takarda ba, aka kuma ce duk lahanin da aka gani a motar da ka dawo da ita, za a cire wani kaso na kuɗin gyara daga albashinka.

Tunda motoci na yawo hannu-hannu, ma'anar dokar ta zama wanda ya buɗe baki shi zai biya, ko da wani ya yi ɓarnar shekaranjiya. Cika takarda ya kai ɗari bisa ɗari. Rahoton lahani ya koma sifili. An ɗaure tsagaggen madubi da roba ta yadda ba za a lura ba. Wani direba ya yi kwana tara yana sayen ƙaramar robar man birki a hanya da kuɗin aljihunsa yana ƙarawa, don tukunyar birki na yoyo kuma ya lissafa robar ta fi masa arha a kan yankan albashi. A tsakiyar watan manaja ya buɗe zauren WhatsApp ya ce a riƙa turo hoton mota kowace yamma. Hotuna suka yi ta shigowa, na gaban mota a cikin duhu, babu mai buɗe su. Kwana goma aka yi aka bari.

Satumba: hanyar Zariya

Ranar wata Talata, kanta ɗaya ta yi faci a Maraban Jos. Mai faci ya cire tayar baya ta hagu, ya gyara, ya mayar. A irin waɗannan kantoci na Japan, notin ƙafar hagu juyinsa na hagu ne, kuma ko an ɗaure daidai, ƙa'ida ita ce a sake bin notin da sifana bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, domin rim na zama ya saki. Ba a bi ba. Direban Talata bai faɗi zancen faci ba, don kada a ce shi ya hau ƙusa. Direban Laraba ya ji baya na rawa in ya taka birki, ya yi shiru. Ranar Alhamis, a hannun direba na uku, daf da Jaji, ƙusoshin ƙafar uku suka karye, tayar ta karkace. Allah ya sa ba gudu yake ba, ya samu ya gangara gefe. Babu wanda ya ji rauni.

Motar ta kwana a hanya, yaron mota ya kwana gadi, ruwa ya shiga ta yagaggen tamfol ya jiƙa katan-katan na taliya. An sauya rim da ƙusoshi gaba ɗaya. Na buɗe fayil na ciro takardun Talata da Laraba: layin tayoyi da noti, lafiya lau, da sa hannu.

Oktoba: an sake lale

Alhaji ya tara kowa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa aka kawo shayi. An daɗe ana kame-kame kafin direban da ya fi kowa shekaru ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ranka ya daɗe, in na faɗa a yanke mini albashi, in na yi shiru a ba ni kuɗina cif. Kai wanne za ka zaɓa?"

Alhaji ya yi jim, sannan ya ce, "To Baba, ku faɗi yadda za a yi."

Abin da aka tashi da shi ya ɗauki mako uku kafin ya zauna. An soke tara. Lahanin da direba ya faɗa da bakinsa, ko shi ya jawo, ba a cire masa ko kwabo. Wanda aka gano ya sani ya ɓoye, shi ne ke da magana da Alhaji. An ba kowane direba motarsa, biyun da suka rage suka zama masu canji. An yar da takarda mai layi 34.

A madadinta, mota na shigowa, kafin a kashe inji, zan tsaya a bakin taga da littafi in yi tambaya uku da Hausa: me ka ji, me ka gani, me aka taɓa a hanya? Ni ke rubutawa, ba direba ba. Tambaya ta uku saboda Maraban Jos aka sa ta. Da direba ya ce an yi faci, sai a sa alama, bakanike ya bi notin a daren.

Sannan fitilu, inji na aiki. Yaron mota ya tsaya a baya yana ɗaga hannu, direba ya taka birki, ya sa sigina hagu da dama, ya sa ribas, sannan yaro ya zagayo gaba. Almuru ya fi kowane lokaci dacewa da wannan, don ƙwan da ya fara dushewa da rana tsaka ba a gane shi.

Daga nan direba ya sauko ya zagaya motar, ya fara daga ƙofarsa ya ƙare a ƙofarsa. A nan ne dubin yamma ke da abin da na safe ba shi da shi, wato zafi. Zai kai bayan hannunsa kusa da cibiyar kowace ƙafa ba tare da ya dafa ba. Dukansu za su yi ɗumi, wannan ba komai ba ne. Abin nema shi ne wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ko mai ƙaurin ƙuna: ko birki na kamawa bai saki ba, ko boris, wato ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kai, ya bushe. Da safe duk sun huce, shaidar ta tafi. Shi ya sa aka ce in kiran magariba ya riski mota a ƙofa, a yi wannan zagayen na minti ɗaya tukuna, sauran a bari sai an idar da salla. Yana zagayen yana leƙa tsakanin tagwayen tayoyin baya, inda dutse ke maƙalewa ya yi ta cin gefen taya har ya fasa, yana neman ƙusa ko kumburi. Bakanike ya ja layin farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin rim, don haka ba sai an ɗauko sifana ba: in layin ya goce, notin ya motsa. Haka in aka ga tsatsa ta zubo daga gindin noti kamar hawaye, shi ma sako-sako ne.

Dabarar da na fi so ta Baba ce, kuma ba ta ci ko sisi ba. Katan ya yi yawa a ma'ajiya. Ana ajiye mota sai yaro ya shimfiɗa buɗaɗɗen kwali a ƙarƙashin inji da giya. Ƙasar harabar ta sha mai shekara da shekaru, ba a bambanta sabon ɗigo da tsoho, amma kwali ba ya ƙarya. Baƙin ɗigo bakin mai ne, ruwa mai launin tsatsa ko kore na lagireto ne, gas kuwa warinsa zai faɗa maka. Inda ɗigon ya sauka yana nuna wa bakanike inda zai ɗaga kai ya duba. Man birki ba ya yawan sauka a kwali. A cikin gefen taya ake ganin jiƙarsa, sai da tocila.

Manyan motocin biyu aka ƙara musu abu ɗaya: a ja zaren da ke ƙarƙashin tankin iska a zubar da ruwan da ya taru. Iskar da kwamfuresa ke matsawa tana ɗauke da danshi, musamman da damina, kuma ruwan in ya zauna yana cinye bawul-bawul na birki. Ranar farko da aka ja, abin da ya fito ya kusa cika kofin shayi, haɗe da mai.

An kuma faɗi abin da ba a yi da yamma. Ba a buɗe lagireto. Ba a auna iskar taya, domin tayar da ta sha hanya gejinta na hawa, kuma an samu direban da ke rage iska ganin ta yi yawa, washegari taya ta wayi gari a ƙasa da ƙa'ida. Bakin mai ma an bar shi sai safe, lokacin da ya gama gangarowa. Duka aikin yamman minti 10 ne zuwa 12.

Sai rabin kamfani, wanda aka tsallake a Yuli. An mayar da aikin bakanike daga 3 na rana zuwa 9 na dare. An sayi fitilun sola biyu aka kafa a haraba. An ajiye akwati mai ƙwayayen fitila, fis, fambel, man birki da noti. In matsalar babba ce, direba ya kira tun daga hanya kafin la'asar, yaron bakanike ya hau keke napep ya je Panteka kafin a rufe. An kafa allo mai ƙusoshi tara na makullai. Motar da ke da lahanin birki, sitiyari ko ƙafa, sai a ɗaura jan ƙyalle a makullinta, ba a yi mata lodi, kuma bakanike kaɗai ke kwance ƙyallen bayan ya sa hannu a littafina. Direbobi sun nemi kuɗin ƙarin lokaci, Alhaji ya ƙi, aka daidaita a kan ɗan kuɗin motar komawa gida ga wanda ya wuce isha'i.

Nuwamba zuwa Janairu: hunturu da tuntuɓe

Da iska ta juya aka cire waifa daga dubin kullum aka sa matatar iska da kan batir, saboda ƙura na toshe ta farko, sanyin asuba kuma na tona asirin batirin da ya tsufa. Sau ɗaya a wata bakanike na bin tayoyi duka. Yana duba zurfin zane, kada ya gaza milimita 1.6, yana karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra na ƙidaya wa'adin taya shekara huɗu daga wannan lokacin. Dubin farko ya fito da tayoyin gwanjo biyu masu kyan zane waɗanda suka daɗe da wuce wa'adi.

A Disamba, ana rububin kayan Kirsimeti, aka ɗaura wa wata kanta jan ƙyalle saboda sitiyarinta ya yi wasa da yawa. Alhaji da kansa ya kwance ya ce Sabon Tasha ce kawai, a je a dawo. Ta je ta dawo lafiya. A makon da ya biyo baya amsar tambayoyina uku ta koma "ba komai", kwali ma wasu suka daina shimfiɗawa. Manaja bai yi gardama ba. Ya dai roƙi Alhaji cewa duk ranar da zai kwance ƙyalle, ya sa hannu a littafi a gurbin bakanike. Alhaji ya amince. Har yau babu sa hannunsa a gurbin.

Fabrairu: inda lissafi ya tsaya

Safiyar da aka makara: Yuni 11, Yuli 10, Agusta 12, Nuwamba 4, Fabrairu 2. Tun daga Satumba babu motar da ta sake kwana a hanya. Lahanin da ake faɗa ya tashi daga sifili a Agusta zuwa kusan biyu ko uku kowace yamma a Oktoba, sannan ya sauko. Kuɗin kayan gyara ya haura sosai a Oktoba da Nuwamba, har Alhaji ya fara ƙorafi, kafin ya dawo ƙasa da na damina.

Abin da nake gani ya jawo haka

Dole a cire wa damina kasonta. Hanya ta bushe daga Nuwamba, kuma ko ba a yi komai ba matsalar waya da birki kan ragu da rani. Sai wata daminar ta zagayo za a san ainihin nauyin tsarin. Amma rani ba zai bayyana yadda bakin direbobi ya buɗe a Oktoba ba, ana tsaka da ruwan ƙarshe.

A ganina manaja bai yi kuskure wajen gano lokacin ba. Yamma ce ke da abubuwa uku da safiya ba ta da su: direba bai manta abin da ya ji ba, ƙarfe bai huce ba, kuma akwai dare guda na gyara kafin lodi. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa direbobi ba sa duba mota. Suna dubawa, mutumin da ya yini a kan sitiyari ya fi kowace takarda sanin motar. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da sanin zai bi daga kansa zuwa hannun bakanike. Takardar Yuli ba ta buɗe hanyar ba, tarar Agusta kuwa toshe ta ta yi, kuma ina ɗora alhakin abin da ya faru daf da Jaji a kan tarar fiye da kan mai faci. Cikin gyare-gyaren Oktoba, da za a ce in zaɓi biyu, zan ɗauki soke tara da sauya lokacin bakanike. Direban da ya faɗi ƙara da yamma ya zo da safe ya tarar an gyara, gobe ma zai faɗa. Fenti da kwali dabaru ne masu kyau, amma a Agusta da an kawo su, da yaran mota ne za su riƙa sauya kwalin kafin in iso.

Akwai inda tsarin bai kai ba. Motar Kafanchan takan shigo bayan 9 na dare, bakanike ya tafi, ni ma na tafi, sai maigadi. An gwada a ce direban ya turo mini saƙon murya, yana yi wani lokaci, wani lokaci barci ya riga shi. Safiya biyun da aka makara a Fabrairu, duka wannan motar ce. Manaja na so a daina yi mata lodi sai ƙarfe 9 na safe bayan an duba ta, Alhaji na cewa in ta bar Kaduna a makare dare zai yi mata a hanyar dawowa, kuma a wannan hanyar ba ya son haka. Ba su daidaita ba tukuna.